FASHIN BAƘI: Gwajin da ke bambance ɗalibi mai larurar koyo da wanda aka yi wa laƙabin daƙiƙi

Akwai ɗalibin da idan malami ya jefa tambaya a aji zai amsa da baki ba gargada, amma ranar jarrabawa lokaci ya ƙare bai kai rabin takarda ba. Makomarsa maimaita kwas, in abin ya ci gaba kuma kora daga jami'a. A gida a ce lalaci, a makaranta a ce daƙiƙanci. Wani lokaci kuwa larura ce mai suna: disleksiya, wato wahalar karanta kalmomi da rubuta su daidai, ko ADHD, wato gaza tattara hankali wuri guda, ko otizim.

Ba awon jini ke gano waɗannan ba, ba kuma hoton ƙwaƙwalwa ba. Masanin halayyar ɗan Adam ne ke zama da ɗalibin na tsawon sa'o'i, ya bi tarihinsa tun daga yarinta, sannan ya yi masa gwaje-gwaje. Mafi shahara a cikinsu shi ne WAIS, wanda David Wechsler ya fitar a Amurka a 1955. Yana auna fahimtar magana, da warware matsala ta hanyar siffofi, da riƙe bayani a ka na ɗan lokaci, da saurin aiki. Daga nan a gwada karatu da rubutu. Masanin ya fi zuba ido kan giɓi: mutum ya yi zarra a tunani, amma ya yi ƙasa sosai a saurin karatu.

Littafin DSM-5, wanda ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta wallafa a 2013, ya gindaya sharuɗɗa. Kafin a ce mutum na da ADHD, dole alamomin su fara kafin ya cika shekara 12, su kuma bayyana a wurare biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Ga wanda katin sakamakonsa na firamare ya daɗe da ɓata, shaidar mahaifiyarsa na iya zama hujjar da ta rage.

Me takardar sakamakon ke jawo wa ɗalibi? A Birtaniya, dokar daidaito ta 2010 ta wajabta wa jami'o'i yin sassauci, kuma ƙarin kashi 25 cikin 100 na lokacin jarrabawa abu ne da aka saba bayarwa. A Najeriya, Muhammadu Buhari ya sa hannu kan dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman a Janairun 2019. Hukumar JAMB ma tana da kwamiti na musamman ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola da ke shirya wa irin waɗannan ɗalibai jarrabawa. Sai dai makaho ana ganinsa, mai disleksiya kuwa sai an tantance shi kafin kowace doka ta amfane shi.

A nan gizo ke saƙar. An gina ma'aunan WAIS ne kan sakamakon mutanen ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, waɗanda suka tashi da Turanci a baki. Ɗalibin da ya girma da Hausa ko Fulatanci, ya yi firamare a aji mai cunkoso, zai iya faɗuwa ɓangaren kalmomi alhali lafiyarsa ƙalau. DSM-5 da kansa ya ce ba a kiran matsala larurar koyo idan rashin ƙwarewa a harshen koyarwa ko raunin koyarwar ne ya haddasa ta. Kuskuren na iya zuwa ta fuska biyu: a liƙa wa mai lafiya larura, ko a sallami mai larurar da cewa Turanci ne bai iya ba.

Shi ya sa masanin da ya san aikinsa zai duba ko wahalar na bin ɗalibin har cikin harshen uwa. Ko nan ma da sauran aiki. A harsunan da ake rubuta su kusan yadda ake furta su, irin su Italiyanci da Jamusanci, disleksiya ta fi bayyana a jinkirin karatu fiye da yawan kurakurai. Rubutun bokon Hausa ya fi kusa da wannan rukuni, don haka mai gwajin da ke ƙirga kurakurai kawai, bai duba agogo ba, zai iya sallamar ɗalibin ba tare da ya ga komai ba.