Kunnen DJ ya fi ƙarar sifika

A bukukuwan Kankiya da Kusada, har ƙauyuka irin su Fakuwa, DJ ya karɓe filin da makaɗan kalangu suka daɗe suna riƙe da shi. A kafa sifikoki, a tada janareta, a buɗe kwamfuta, shi ke nan biki ya kankama. Sai dai sau da yawa, da waƙa ta shiga cikin wata, ƙafafun masu rawa su rikice, masu liƙi su ja da baya. Waƙoƙin ba su da laifi. Mai haɗa su ne bai kula da abubuwa biyu ba, saurin bugu da mazaunin murya, kuma a ganina wanda bai san su ba bai cancanci kuɗin da yake karɓa ba.

Saurin bugu shi ne yawan bugun kiɗa a minti ɗaya, abin da manhaja ke rubutawa BPM. Kiɗan house yakan tsaya tsakanin 120 da 130, amapiano na Afirka ta Kudu kuma wajen 112. Idan aka ɗora mai 112 a kan mai 125 ba tare da gyara ba, gangunan biyu za su riƙa tuntuɓe da juna. Tun ƙarshen shekarun 1960 Francis Grasso ya yi suna a New York da daidaita bugun faifai biyu da kunnensa. Amma gyaran yana da tsadarsa: ƙara wa waƙa sauri da kusan kashi 6 cikin 100 yana ɗaga muryarta da rabin mataki, sai ka ji muryar Ado Gwanja ta sirance. Shi ya sa manhajoji irin su VirtualDJ da Serato suke da maɓallin da ke riƙe murya a inda take ko an sauya sauri.

Mazaunin murya ya fi wuyar ganewa. Kowace waƙa tana da sautin da take komawa ta huta a kansa, kuma waƙoƙi biyu da mazauninsu ya yi nisa, in suka haɗu, kunne zai ji tsami ko da bugunsu ya daidaita. Tsarin Camelot ya sauƙaƙa wannan: lambobi 12 a zagaye kamar fuskar agogo, kowace waƙa da lambarta da harafin A ko B. Daga 8A kana iya zuwa 7A, ko 9A, ko 8B lafiya lau.

Wani zai ce wannan ilimin gidajen rawa ne na Turai, mutanenmu rawa kawai suke so. Ai kunnen Bakatsine ba sabo ba ne a wannan harka. Makaɗin kalangu matsa igiyoyi yake a hammata yana hawa da sauka da sauti, kuma 'yan amshin Mamman Shata, ɗan Musawa maƙwabciyar Kankiya, a kan muryarsa suka riƙa sauka. Jama'ar da suka tashi da wannan suna jin karkataccen haɗi, ko ba su iya faɗin sunansa ba.

Wani kuma zai ce manhaja ta ɗauke wahalar, tunda ita ke fitar da lambobin. Gaskiya ne a kan waƙoƙin situdiyo da aka buga da piyano, irin na Hamisu Breaker. Amma kuntigin Ɗanmaraya Jos ba da piyano aka ɗaure shi ba, kuma kiɗan da aka ɗauka kai tsaye saurinsa yana hawa yana sauka, don haka lambar da manhaja ta bayar tana iya ɓatar da kai. Nan kunne ne alƙali.

Saboda haka, matasanmu masu wannan sana'a, ku jera waƙoƙinku ku gwada haɗinsu a gida tun kafin ranar biki. Ku kuma iyayen biki, kafin ku ba da kafin alƙalami, ku sa DJ ya haɗa muku waƙoƙi uku ku saurara.