Sanya tiyo a jijiyar hammata: wata ƙofa zuwa manyan jijiyoyin ƙirji

0. Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibiti, a Yamai ne ko a Damagaram, ya san ƙarin ruwa: a nemi jijiya a bayan hannu, a soka allura, a rataye gora. Akwai kuwa lokacin da wannan hanya ba ta isa. Wani majinyacin jini ya zuba har jijiyoyin hannunsa sun lafe; wani ana son a ba shi magani mai kaifi, irin na ciwon daji, wanda zai ƙona ƙaramar jijiya; wani kuma hanjinsa ba ya aiki, sai an ciyar da shi ta jini har makonni. A irin wannan hali likita yakan zura dogon siririn tiyo, wanda ake kira cathéter da Faransanci, ta wata babbar jijiya, har bakinsa ya tsaya dab da zuciya, inda jini ke gudu da yawa yana tsarma duk abin da aka zuba nan take.

Ƙofofi uku aka fi sani: wuya, da saman ƙirji, da gindin cinya. A cikin wannan maƙala za mu duba ta huɗu, wato jijiyar hammata. Za mu nuna cewa ƴan santimita kaɗai ke tsakaninta da ƙofar saman ƙirji, amma waɗannan ƴan santimita su ne ke fid da allura daga wurin da ba a gani, ba a kuma iya dannewa, zuwa wurin da ake iya yin duka biyun.

1. Kalmomin da za mu yi aiki da su

Kalmar jijiya ita ce matsala ta farko. Inda Faransanci ya raba veine da artère da nerf, Hausa ta haɗa su duka a kalma guda. A hirar yau da kullum wannan ba ya ɓata komi. A hammata kuwa abubuwan nan uku suna kwance kafaɗa da kafaɗa, kuma aikin likita duka shi ne ya sami ɗaya, ya kauce wa biyu. Tilas ke nan mu rarrabe su.

Daga kalmar kai-komo muka ɗauko rabi: jijiyar komo ita ce mai maido da jini zuwa zuciya. Ɗaya rabin bai yi mana ba, don in an ce jijiyar kai kowa zai ji kan mutum ake nufi. Saboda haka wadda ke fita da jini daga zuciya muka kira ta jijiyar bugu, tunda ita ce ake jin tana harbawa a wuyan hannu. Ta uku, wadda ba ta ɗauke da jini, sai dai umurnin motsi da labarin zafi, ita ce jijiyar saƙo. Ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, wanda ke fitowa fili ga ramamme, za mu ce da shi ƙashin saman ƙirji. Na'urar da mata suka sani wajen awon ciki kuwa mun bar ta da sunanta na asibiti, eko.

2. Inda jijiyar take

Jinin da ke komowa daga hannu yana taruwa a gindin dantse, ya shiga babbar jijiyar komo guda. Ita ce jijiyar hammata. Tana hawa ta ƙarƙashin tsokokin ƙirji ta nufi tsakiya, jijiyar bugu na biye da ita ta baya da ɗan sama, jijiyoyin saƙo na hannu kuma suna kewaye da jijiyar bugun. Da ta kai gefen waje na haƙarƙari na farko sai sunanta ya sake, ta koma jijiyar ƙarƙashin ƙashi, don daga nan tana bi ne ta bayan ƙashin saman ƙirji. Can gaba ta gamu da ta wuya, sa'annan ta dama da ta hagu su haɗu su zama uwar jijiyoyin komo ta sama, wadda ke zuba cikin zuciya ta ɓangaren dama. A ƙarshen wannan uwar jijiya ake son bakin tiyo ya tsaya.

Abu biyu ya kamata mu lura da su. Na farko, jijiyar hammata da ta ƙarƙashin ƙashi magudana ɗaya ce mai suna biyu, kamar kogin da ake kira Joliba a Mali, Zabarmawa su ce Isa, mu kuma mu ce Kwara. Na biyu, sunan yana ruɗarwa. Wanda ya ji jijiyar hammata zai zaci cikin hammata ake soka allura. Ga babba, akasari a gaban ƙirji ake shiga, ƙasa da ƙashin saman ƙirji, ta wajen kafaɗa, inda fata take a shimfiɗe, nesa da gashi da gumin hammata.

3. Taƙaitaccen tarihi

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura tiyo ta jijiyar gwiwar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya kuma ɗauki hoton ƙirjinsa don shaida. Wannan ya sa ya sami kyautar Nobel a 1956 tare da André Cournand da Dickinson Richards. A 1952 Robert Aubaniac, likitan Faransa da ke aiki a birnin Aljer, ya bayyana yadda ake soka jijiyar ƙarƙashin ƙashi ta gaban ƙirji, don a yi saurin ƙara wa mai rauni jini ko ruwa. Shekara guda bayan haka, a 1953, Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya fito da dabarar da har yau ake bi: a shiga da siririyar allura, a zura waya ta cikinta, a cire allurar, sa'annan tiyo ya bi wayar. A 1987 wani likitan sa barci a Ingila, Nickalls, ya bayyana hanyar isa jijiyar hammata ta gaban ƙirji, yana dogaro da alamomin ƙashi da ake lalubawa da yatsa. Hanyar ba ta bazu sosai ba sai da ƙananan na'urorin eko suka iso bakin gadon majinyaci.

4. Dalilin matsawa wajen kafaɗa

Ƙofar saman ƙirji tana da babbar fa'ida, an kuma auna ta. A 2015 wata ƙungiyar likitocin Faransa ƙarƙashin Jean-Jacques Parienti ta buga sakamakon gwaji a kan tiyo 3471 da aka sa wa majinyata 3027 a sassan farfaɗo da marasa lafiya. An ƙirga shigar ƙwayoyin cuta cikin jini da daskarewar jini a jijiya. A duk kwana 1000 da tiyo ya yi a jiki, an sami matsala 1,5 a ƙarƙashin ƙashi, 3,6 a wuya, 4,6 a gindin cinya. Ba abin mamaki ba ne: fatar ƙirji ba ta da laima kamar ta cinya, ba ta kusa da yawu da majina kamar ta wuya, bandeji kuma ya fi zama a kanta. Sai dai gwajin ya nuna farashin wannan fa'ida. Tsinin huhu yana nan kusa, kuma in allura ta huda tantaninsa sai iska ta shiga tsakanin huhun da bangon ƙirji, huhu ya lotsa. Hudar da ta kai ga sa tiyon fid da iska ta faru ga kashi 1,5 cikin 100 a ƙarƙashin ƙashi, alhali a wuya kashi 0,5 ne.

Mu lura cewa wannan gwaji a kan jijiyar ƙarƙashin ƙashi aka yi shi. Abin da ake nema a jijiyar hammata shi ne a riƙe tsabtar fatar ƙirji, a kuma rage haɗarin. Dalilai huɗu ke goyon bayan haka.

(a) Gani. Sautin eko ba ya ratsa ƙashi, don haka jijiyar da ke bayan ƙashin saman ƙirji a ɓoye take, lalube ake yi. In an matsa wajen kafaɗa sai ga jijiyar komo, ga ta bugu, ga haƙarƙari, ga tantanin huhu yana zamewa da kowane numfashi. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma a nan har jin da yatsa ke yi ya shiga ciki. Shi ya sa da yawa daga abin da ake kira sukar ƙarƙashin ƙashi da eko, a haƙiƙa jijiyar hammata ake soka.

(b) Tazara. Ƙirji a lanƙwashe yake, saboda haka gwargwadon matsawa waje, gwargwadon nisantar jijiyar daga huhu. Ita da jijiyar bugu ma sukan ɗan ware.

(c) Dannewa. In kuskure ya sa an huda jijiyar bugu a bayan ƙashi, yatsa ba ya isa wurin, jini na iya ta zuba cikin ƙirji ba a gani ba. A waje kuwa ana iya danne ta har jinin ya tsaya.

(d) Matsi. Tsakanin ƙashin saman ƙirji da haƙarƙari na farko akwai ƙunci kamar bakin awartaki. Tiyon da ya ratsa nan kafin ya shiga jijiya yana shan matsa duk lokacin da aka motsa kafaɗa, har ya toshe ko ya tsinke. Wanda ya shiga tun daga jijiyar hammata yakan wuce wurin yana cikin jijiya. Wannan ne ya sa masu dasa na'urar daidaita bugun zuciya, wadda wayoyinta ke shekaru a jiki, suke son wannan ƙofa.

5. Yadda aikin ke gudana

Majinyaci yakan kwanta rigingine, a ɗan sunkuyar da gado ta wajen kai don jijiyar ta cika, iska kuma kada ta sami hanyar shiga. Likita ya wanke hannu, ya sa hula da takunkumi da riga da safar hannu masu tsabta, a goge fata da kulorhekzidin, a lulluɓe majinyaci sai ɗan wurin aiki. Kafin komi ana duba wurin da eko a tantance jijiyoyin biyu: ta komo tana lotsawa in an danna ta da kan na'ura, ta bugu kuwa tana nan a zagaye tana harbawa.

Bayan an kashe zafin wurin da allura, sai a shiga a hankali, ido na kan tsinin allura a allon na'ura. Ƙa'ida ita ce, in tsinin ya ɓace daga gani a tsaya. Jinin da ya fito ya zama mai duhu, mai zuwa a sanyaye. Ja wur mai tsartuwa alamar jijiyar bugu ce. Daga nan sai dabarar Seldinger: waya ta shiga, a sake duba ta da eko a tabbata tana cikin jijiyar komo, a ɗan faɗaɗa hanya, a zura tiyo a kanta. Ga babba tsawon da ke shiga yakan kama daga santimita 15 zuwa 20, na hagu ya fi na dama tsawo. Hannun likita ba ya sakin wayar har ta fito duka, kuma in ta zarce cikin zuciya bugu yakan rikice, sai a ja ta baya. A ƙarshe a wanke tiyon da ruwan gishiri, a ɗinke shi ga fata, a rufe. Hoton ƙirji ko eko shi ke nuna inda bakin tiyon ya tsaya, don wani lokaci yakan ɓace hanya ya hau jijiyar wuya, shi ke kuma nuna ko huhu lafiya.

6. Iyakokin hanyar

Jijiyar hammata ta fi ta wuya zurfi, ta kuma fi ta ƙarƙashin ƙashi ƙanƙanta. Ga mai ƙiba tana iya yin nisa ƙwarai. Ga wanda jini ya zuba takan lafe duk lokacin da ya ja numfashi. Tana bukatar na'ura da hannun da ya saba, saboda haka inda babu eko, ko ana cikin gaggawa, sauran ƙofofin suna nan da amfaninsu. Haɗarin huda huhu ya ragu, amma bai gushe ba. Akwai kuma mutanen da ake kauce wa wannan magudana gaba ɗaya: mai ciwon ƙoda da zai bukaci wankin jini, don tiyo na iya tsuke jijiyar, ya ɓata hannun da za a yi wankin ta cikinsa nan gaba.

Sauran haɗarin yana zuwa ne bayan an gama. Kowace rana da tiyo ya ƙara a jiki, hanya ce a buɗe ga ƙwayoyin cuta. A 2006 Peter Pronovost da abokan aikinsa sun nuna a asibitocin jihar Mishigan ta Amurka cewa matakai biyar masu sauƙi suna rage wannan cuta ƙwarai: wanke hannu, cikakkiyar suturar tsabta, goge fata da kulorhekzidin, kauce wa gindin cinya, da cire tiyo da zarar bukatarsa ta ƙare. Cirewar ma a kwance ake yin ta, a danne wurin, a rufe shi ruf don kada iska ta bi ramin.

7. Kammalawa

Mun ga cewa jijiyar hammata da ta ƙarƙashin ƙashi hanya ɗaya ce, kuma abin da ya bambanta su wajen aiki shi ne ƙashin da ke rufe ɗaya ya bar ɗaya a fili. Wanda aka sa ya yi tafinta tsakanin likita da majinyaci, ko ya rubuta takardar neman yarda da Hausa, zai iya tsayawa kan abu huɗu. A gaban ƙirji za a sa tiyon, duk da sunan hammata. Jijiyar komo ake nema, kuma bakin tiyon zai tsaya kusa da zuciya ba tare da ya huda ta ba. Mai jinya kada ya taɓa shi, kada ya jiƙa bandejin, kada ya buɗe murfinsa. In kuma zazzaɓi ya taso, ko numfashi ya yi wuya, ko hannun ya kumbura, ko wurin ya yi ja, a kira ma'aikacin jinya nan take.

Kalmomin da muka kawo a sashe na 1 shawara ce. Ya rage a gwada su a bakin gado, a Maraɗi da Tawa da sauran wurare, a ji ko mai jinya da bai yi lakkol ba zai rarrabe jijiyar komo da ta bugu in an faɗa masa sau ɗaya.