Starehe: Daga Ɗakunan Kwano Biyu Zuwa Sahun Gaba

A shekarar 1959 Kenya na ƙarƙashin dokar ta-ɓacin da Turawan Ingila suka kafa don murƙushe 'yan tawayen Mau Mau, titunan Nairobi kuwa cike suke da yaran da rikicin ya raba da iyayensu. A lokacin ne Geoffrey Griffin da Geoffrey Geturo da Joseph Gikubu suka tattara yara maza 17 a ɗakunan kwano biyu da kamfanin Shell ya bayar, suka sa wa wurin suna Starehe. Shi kansa Gikubu an taɓa tsare shi yana matashi saboda alaƙa da Mau Mau. Yau Starehe makarantar kwana ce mai ɗalibai wajen 1,000, wadda ta daɗe tana sahun gaba a jarrabawar ƙasa, a 2005 kuma, shekarar da Griffin ya rasu, aka buɗe ta 'yan mata.

Gidajen marayu da yawa sun samu gudummawar da ta fi wannan, sun shuɗe. Abin da ya raya Starehe, a ganina, shi ne ta ƙi yarda a yi wa ɗan talaka ilimin "da babu gara ba daɗi". Kimanin kashi 70 cikin 100 na ɗalibanta kyauta suke karatu, sauran kuwa iyayensu ke biya, kuma ɗaki ɗaya suke kwana, tukunya ɗaya ake dafa musu. Kuɗin masu hali na rage nauyi, amma amfanin zamansu ya wuce nan: uban da ke biya ba zai yi shiru ba idan karatu ya lalace, maraya kuma ya ci albarkacin wannan sa ido. Sannan an damƙa wa yaran amana. Manyan ɗalibai ke tafiyar da harkokin yau da kullum, kowane mako kuma a wani zaman taro da ake kira Baraza ƙaramin yaro na iya miƙewa ya yi wa hukumar makaranta tambaya ba tare da fargabar horo ba.

Masu suka na cewa makarantar masu hazaƙa kawai take tsinta, ta bar dubban da ba su ci jarrabawa ba. Gaskiya ne, kuma abin damuwa ne. Sai dai ilmantar da kowane yaro haƙƙi ne a wuyan gwamnati. Abin da makaranta ɗaya za ta iya shi ne ta hana talauci binne baiwa, ta kuma toshe bakin masu cewa ɗan talaka ba ya ɗaukar karatu. Sukar da ta fi nauyi ita ce dogaro da masu taimako daga waje, irin su Save the Children da suka tallafe ta a farko. Da irin wannan tallafi ya ja baya, makarantar ta ji jiki, shi ya sa yanzu take ƙara jingina da tsofaffin ɗalibanta da kuma asusun ajiya da ake ciyar da ɗalibai daga ribarsa.