Ranar da aka kira ni "jovial"

Da zan bar aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Manchesta, shugabarmu ta rubuta mini takardar shaida. Ta yabi zuwana kan lokaci, sannan ta ƙara da cewa ni mutum ne "jovial". Wallahi sai da gabana ya faɗi. Kalmar ta yi mini kama da "joke", sai na ɗauka ta faɗa wa sabbin iyayen gidana cewa ni ɗan wasa ne. Mu fa an raine mu a kan yawan dariya na zubar da girma. Ga bizata ta rataya a kan aikin, ga iyali a Katsina suna jiran ƙarshen wata.

Har na shirya komawa in roƙe ta ta goge, sai na ce bari in duba ƙamus tukuna.

Ashe yabo ne. "Jovial" shi ne mai fara'a da sakin fuska, wanda ake jin daɗin zama da shi. Mai ban dariya daban, shi ake ce wa "funny". Tushen kalmar Jove ne, wani suna na Jupita, babban abin bautar Romawa, wanda aka laƙaba wa tauraron da malamanmu ke kira Mushtari. Masu duban taurari na Turai sun yi imani cewa wanda aka haifa ƙarƙashinsa kan tashi da walwala, shi kuwa na ƙarƙashin Zuhal "saturnine" ne, mai murtuke fuska. Ta Faransanci kalmar ta shigo Turanci a ƙarshen ƙarni na 16.

A Najeriya mun saba jin ta, musamman idan ana yabon mamaci. A nan Ingila an fi karanta ta a rubuce, kuma ta fi zama a kan dattijo mai raha. Ana faɗin ta ga murya ko yanayin taro ma. Amma fa a kula, idan aka ce ka cika zama "jovial" ana tsakiyar maganar rashin lafiya, to gyara ake maka.

Na miƙa takardar yadda take. Ranar ganawa, matar da ta karanta ta ce irin mu suke nema, don tsohon da ya kwana uku bai ga ɗansa ba, fuskarka yake fara dubawa kafin maganin da ke hannunka. Shimfiɗar fuskar da Hausawa suka fifita a kan ta tabarma ke nan. Litinin ɗin da ta biyo na kama aiki.