Lemar Kwaɗi Ta Fito a Gidanku? Ga Yadda Za a Yi da Ita

Yau magana ce a kan baƙuwar da ke zuwa cikin Yuli da Agusta, lokacin da ruwa ya zauna: lemar kwaɗi, wadda wasu ke kira naman kaza. Daga Getso a Gwarzo har Garo a Kabo, za ka wayi gari ka ganta cikin ciyawar tsakar gida, a lambu, ko gefen turken dabbobi.

Wannan lemar da kake gani, ɗiya ce kawai. Uwar tana ƙarƙashin ƙasa, wasu fararen zaruruwa ne masu cin ruɓaɓɓen itace, tushiyar dawa da kashin shanu, su mayar da su taki. Shi ya sa in ka cire yau, jibi ta dawo, kuma feshin magani asarar kuɗi ce. Kada ka zuba gishiri ko kananzir, ƙasarka kawai za ka kashe.

To me za a yi? Ka tuge ta da sassafe kafin ta buɗe ta watsa iri, ka binne ta da zurfi, ka wanke hannu. Ka tono tsohon kututture, ka matsar da tarin taki, ka buɗe wa ruwa hanya, ka rage rassa rana ta shigo. Wadda ke cikin ciyawa ba ta cutar da shuka. Amma in ta fito a jikin mangwaro mai rai, cikinsa ya fara ruɓewa ke nan, sai a kula.

Ni abin da ya fi damuna yara ne. Akwai wata fara mai faɗi, ƙasan hularta kore-kore in ta girma, tana sa amai da gudawa cikin awa 1 zuwa 3. Wasu nau'o'in kuwa sai bayan awa 6 ko fiye suke nuna alama, alhali sun fara taɓa hanta. Dafuwa ba ta kashe dafin, kuma don akuya ta ci ba hujja ba ce.

In yaro ya ci, kar a ba shi manja a zauna jira. A garzaya Babban Asibitin Gwarzo ko wanda ya fi kusa, a riƙe ragowar lemar a nuna wa likita.

A tura wa iyayenmu mata su ji. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya tsare mana zuri'a.