KEKEN FATSA: WANNE NE YA DACE DA RUWAN DADIN KOWA?

Duk wanda ya bar garin Gombe da sassafe ya kama hanyar Biu, kafin ya yi tafiyar awa ɗaya zai iske kansa a Dadin Kowa, inda Gwamnatin Tarayya ta datse Kogin Gongola. An gama ginin madatsar a shekarar 1984, lokacin Gombe tana cikin Jihar Bauci, kuma tun daga wannan lokaci ruwan da ya taru a bayanta ya zama gonar masunta. Daga nan ne ake kai wa mutanen Gombe tarwaɗa da karfasa da ƙurungu da ragon ruwa, ɗanye da kyafaffe.

Kayan aikin masuntan wurin sanannu ne. Akwai mai birgi, wanda zai tsaya a bakin kwalekwale ya wurga koma ta buɗe kamar faifai. Akwai mai kalli, wanda zai shimfiɗa ragarsa da yamma ya dawo da asuba. Akwai mai mamari da ƙugiyoyinsa masu yawa a jikin igiya ɗaya, akwai kuma mai gura. Amma wanda ya fi dacewa da maganar da ke gabanmu shi ne yaron da ke zaune a bakin gaɓa, ba shi da jirgi, ba shi da koma, sai gwangwanin madara da ya naɗa wa zaren roba, da ƙugiya ɗaya, da ɗan guntun dalma. Zai kaɗa dalmar sau biyu ko uku a sama, ya sake ta, ya juya bakin gwangwanin ya fuskanci ruwa, sai zaren ya yi ta zamewa da kansa har ƙugiyar ta faɗa can nesa. Mai karatu ya riƙe wannan yaro a ransa, domin za a komo gare shi.

A ƙasashen waje an daɗe da haɗa sandar fatsa da wani ɗan keke na ƙarfe mai hannun juyawa, wanda aikinsa shi ne ya saki zare lokacin jifa, ya kuma naɗe shi lokacin ja. Irin wannan keke yana shigowa Nijeriya, sabo da na hannu, kuma ma'aikaci ko malamin makaranta da ke sha'awar zuwa bakin ruwa ran Asabar, ko saurayin masunci da ya ji labarin yana kai ƙugiya inda hannu ba ya kaiwa, sai ya tara kuɗi ya saya. Abin da mai sayarwa ba ya faɗa, watakila don shi ma bai sani ba, shi ne keken ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki irin da bai dace da shi ba, kuɗinsa sun tafi a wofi, keken kuma ya ƙare a ƙarƙashin gado.

Bambancin duka yana wurin ƙwarƙwaro, watau abin da ake naɗe zaren a jikinsa. A wani keken ƙwarƙwaron yana juyawa lokacin jifa, a wani kuwa yana tsaye.

Mai juyawa shi ne tsohon yayi. Wani mai gyaran agogo a Jihar Kentaki ta Amurka, George Snyder, shi ake danganta wa kyautata shi a farkon ƙarni na 19, sa'an nan a 1952 kamfanin ABU na ƙasar Suwidin, wanda shi ma da agogo ya fara, ya fito da samfurin Ambassadeur da ya yi suna a duniya. Ana ɗaura wannan keke a saman sanda. In aka yi jifa, nauyin dalma ne ke jan zare, zaren kuma ya juya ƙwarƙwaro da gudu mai tsanani. To, a nan gizo ke saƙa. Dalma tana rage gudu yayin da take ratsa iska, musamman in ta fuskanci iskar hunturu, amma ƙwarƙwaro bai san ta rage ba, yana ci gaba da amayar da zare. Kafin ƙiftawar ido zaren ya cukurkuɗe ya zama kamar sheƙar tsuntsu, kuma mutum yana iya ɓata rabin safiya yana warwara, ko ya haƙura ya sa aska. Maganin abin shi ne babban yatsa, wanda dole ya riƙa shafar ƙwarƙwaron yana tafiya, ya kuma danne shi daidai lokacin da dalma ta taɓa ruwa. Masu ƙira sun ƙara masa birki, wani na maganaɗisu, amma har yau yatsa ne ubangidan aikin, kuma yatsa ba ya koyo a rana ɗaya.

In hannu ya faɗa kuwa, babu kamarsa wajen ƙarfi. Yana ɗaukar zare mai kauri ba tare da ya rage nisan jifa da yawa ba, zaren ba ya murɗewa, kuma ja kai tsaye yake yi kamar gugar rijiya a kan kwarkwaron ƙarfe. Wanda ke farautar giwan ruwa a Binuwai ko a Kainji, kifin da kan girma ya fi ƙaton mutum nauyi, ko wanda ke neman manyan rambushi da ɗanyen kifi a bakin ƙugiya, wannan ne kekensa. Amma ƙaramin ƙoto, kamar tana ko gara da 'yar dalma kaɗan, ba shi da nauyin da zai tayar da ƙwarƙwaron, saboda haka mai neman karfasa ba abin da zai samu wurinsa sai ɓacin rai.

Na biyun, mai tsayayyen ƙwarƙwaro, asalinsa daga masaƙa ne. Alfred Illingworth, wani mai masana'antar saƙa a Biradfod ta Ingila, shi ya yi rajistar ƙirarsa a 1905, kuma duk wanda ya taɓa ganin yadda zare ke zamewa daga ƙwarƙwaron masaƙi zai gane inda ya samo dabarar. Keken bai bazu sosai ba sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da zaren roba mai santsi ya samu, kuma Faransawa suka fito da Mitchell 300 a 1948. Yana rataye a ƙarƙashin sanda, bakin ƙwarƙwaronsa yana kallon gaba. Mai jifa zai ɗage wata 'yar waya mai lanƙwasa, ya riƙe zaren da manuniya, ya wurga, ya saki. Zaren sai ya yi ta fita daga baki, kewaye bayan kewaye, kuma da zarar dalma ta tsaya shi ma ya tsaya, tunda babu abin da ke juyawa balle ya wuce gona da iri.

Wannan fa shi ne gwangwanin yaron nan na bakin gaɓa, an dai sa masa hannu da haƙoran ƙarfe ne kawai. Saboda haka duk ɗan Gombe da ya taɓa fatsa da gwangwani ya riga ya san rabin aikin, sauran rabin kuwa yini ɗaya ya ishe shi. Yana jefa ƙoto mara nauyi, ba ya tsoron iska kamar ɗan'uwansa, kuma a yawancin samfurori ana iya cire hannun a mayar da shi ɗaya gefen, abin da zai yi wa bahago daɗi. Aibinsa guda biyu ne. Zare yana murɗewa a hankali, musamman in mutum ya ci gaba da juya hannu alhali kifi yana jan zare waje. Sa'an nan in aka cika masa zare mai kauri ƙwarai, sai ya riƙa fita a naɗe kamar waya, nisan jifa ya ragu. Ga kifayen da aka fi samu a Dadin Kowa da Balanga, waɗannan aibobi ƙanana ne. Matsakaicin keke, irin wanda masu ƙira da yawa ke rubuta wa lamba 3000 ko 4000, da zaren da zai ɗauki kilo 6 zuwa 8, ya ishi karfasa da ƙurungu da tarwaɗar da ba ta wuce misali ba.

Akwai na uku, mai rufaffen kai da maɓalli a baya, wanda kamfanin Zebco na Amurka ya fara sayarwa a 1949. Wanda ya ƙirƙiro shi, R. D. Hull, shi ma mai gyaran agogo ne. Danna maɓalli ka saki, shi ke nan, don haka yara ke son sa. Sai dai zarensa kaɗan ne, ƙarfinsa kaɗan, kuma in yashi ya shiga ko zare ya harɗe a cikin murfin ba a gani sai aiki ya tsaya. A ƙasar da ƙura ke shiga ko'ina wata uku a shekara, ba shi ne abin kashe wa kuɗi ba.

Ko wane iri mutum ya zaɓa, akwai abin da ya kamata ya gwada tun yana gaban mai sayarwa, watau birkin zare. Wasu ƴan faya-fayai ne a ciki da ke barin zare ya zame in kifi ya fizga da ƙarfin da zai iya tsinka shi. A ɗaure maɓallin kaɗan, a ja zaren da hannu. In ya fito sumul, keken na kirki ne. In yana fitowa yana tsayawa kamar mota a hanyar gargada, a ajiye shi komai ƙyallinsa, domin ranar da babban kifi ya kama, a wannan tsayawar zaren zai tsinke. Yawan ƙwallayen ƙarfe da ake rubutawa a jikin kwali kuwa, ado ne na kasuwa. Huɗu masu kyau sun fi goma na banza. Rubutun nan na 5:1 yana nufin juyin hannu ɗaya yana naɗe zare sau biyar, kuma wannan ya wadatar.

Sai maganar gyara, wadda ba a tuna ta sai an shiga uku. Kayan gyaran waɗannan kekuna ba sa samuwa cikin sauƙi, kuma abin da ya fi saurin lalacewa a mai tsayayyen ƙwarƙwaro shi ne ƙaramin sifirin da ke mayar da wayar nan wurinta. Tunda masu gyaran agogo ne suka haifi yawancin sana'ar, ba laifi a kai wa mai gyaran agogo ko mai gyaran keken ɗinki ya duba. Hannunsu ya saba da irin waɗannan ƙananan haƙora. Kada a ajiye keke a kan yashi, a goge shi bayan an dawo, a ɗiga masa man keken ɗinki, a kuma ɓoye zaren daga rana, domin zafin rana yana cinye ƙarfin roba.

Saurayin masunci da ke tunanin sayar da birginsa ya sayi keke, ya dakata tukuna. Birgi jifa ɗaya yana iya kawo abin miya da na kasuwa, fatsa kuwa kifi ɗaya take ɗaukowa a kowane ja. Inda keke ya fi shi ne wurin da koma ba ta shiga, watau tsakanin kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka cika madatsar, inda manyan kifaye ke fakewa, raga kuwa in ta shiga sai ta yage. Ga kuma wata fa'ida da mai raga mai ƙananan idanu ba shi da ita: ɗan kifin da bai isa ci ba ana iya zare masa ƙugiya a mayar da shi ruwa ya girma. In ana zaton akwai tsage a wurin, a sa taƙi ɗaya na siririyar waya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa suna yanke roba kamar almakashi.

Mai zuwa daga gari ya fara gaishe da masuntan wurin, ya tambayi inda aka shimfiɗa kalli don kada ƙugiyarsa ta maƙale a ragar mutane. Su ne kuma za su nuna masa gaɓar da dorina ke fitowa kiwo, domin akwai ta a ruwan Dadin Kowa, kuma lokacin da kifi ya fi cin ƙoto, watau asuba da almuru, shi ne lokacin da take komawa ruwa ko take fitowa daga cikinsa.