Ƙananan ƙofofin jijiya da ke tafiyar da aikin tumbi

Tumbin babban mutum idan babu komai a ciki bai wuce dunƙulen hannu ba, amma yana iya ɗaukar fiye da lita 1 na abinci ba tare da mai shi ya ji ciwo ba. Tun a 1911 wani masani ɗan Amurka, Walter Cannon, ya nuna cewa da zarar an haɗiye loma, ɓangaren sama na tumbi yana saki tun kafin abincin ya iso.

Umurnin sakin yana zuwa ne ta jijiyar bagus, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa ta gangaro har ciki. A jikin kowace ƙwayar jijiya akwai ƙananan ƙofofi da ke buɗewa suna rufewa, inda sinadaran sodiyam, fotashiyam da kalshiyam ke shiga suna fita, kuma wannan shige da fice shi ne ke haifar da ɗan lantarkin da saƙo ke bi. Idan saƙon ya iso, kalshiyam ya shiga jijiyoyin bangon tumbi, sai su saki iskar naitirik oksayid, ita kuma ta sa tsoka ta sassauta.

A ƙasan tumbi kuwa niƙa ake yi. Wasu ƙwayoyi masu sunan Cajal, masanin ƙasar Sifen, su ke ba da kiɗan, kusan sau 3 a minti ɗaya, har abinci ya yi laushi ya zarce ƙaramin hanji kaɗan-kaɗan.

To, yaya jiki ke sanin tumbi ya cika? A 2010 Ardem Patapoutian da abokan aikinsa sun gano ƙofofin Piezo, masu buɗewa idan an danna ko an miƙe su, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2021. A 2023 ɗakin bincikensa ya wallafa a mujallar Cell cewa ɓerayen da aka cire wa Piezo2 daga jijiyoyin ji, abinci yana barin tumbinsu da gaggawa. Ke nan ƙofar nan birki ce, domin hanji ya samu lokacin tsotse amfanin abinci.

Wannan magana ta shafi masu ciwon suga kai tsaye. Idan sugan ya daɗe yana sama, yakan lalata waɗannan jijiyoyi, sai abinci ya riƙa daɗewa a tumbi, mutum ya ƙoshi da loma kaɗan, ga kumburi da amai. Magani kuma sai da hattara: a 2000 an janye cisapride daga kasuwar Amurka saboda yana toshe ƙofar fotashiyam ta zuciya.

Don haka mai ciwon suga da ya ga waɗannan alamu ya garzaya wurin likita maimakon sayen ƙwaya a bakin titi, ya rage maiƙo, ya riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa a rana.